Rigar Da Ta Sha Shekarun Raihanatu

Duk wanda ya san Zulkifilu a Jega ya san shi da abu biyu: albasa da Raihanatu. Albasar yakan saro ta a Aliero ya kai Ibadan. Raihanatu kuwa matarsa ce, wadda in ta yi dariya sai ka manta akwai mutuwa a duniya. Ina rubuta wannan zuciyata na ƙuna, domin katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu.

A Ibadan ya fara ganin rigunan sarautar Yarabawa, waɗanda ake lulluɓewa da ƙananan duwatsun ado daga wuya har ƙasa, ga tsuntsaye ga fuskoki, launi kan launi. Wani dattijon maɗinki ya sayar masa da su, bai ɓoye masa cewa sababbi ba ne. Amma dillalin da ke kai wa Turawa masu tara kayan tarihi ya shafa ɗaya ya yatsine fuska. "Jiya aka gama wannan. Su tsohuwa suke so, wadda ta ga zamani. Samo irinta, ka rabu da albasa har abada."

Ya turara su da hayaƙi, ya binne su a ƙasa, duk dillali ya gane. Daga nan aka raɗa masa sunan boka Alu, can dajin Kuberi.

Da rana tsaka ya isa, amma wurin ba ɗumi. Bukkar a jikin wani ƙaton suri take, gara ta cinye rabinta. Ga tukwane a kife, ga ƙahonni ɗaure da jan ƙyalle, ko tsuntsu ba ya kuka.

"Mi kaka so?" in ji bokan.

"Baba, so nika sabo shi koma tsoho."

"Tsufa ba a ƙera shi, yaro. Aro nai aka yi ga mai shi." Ya tofa wani abu cikin tukunya, ya yayyafa wa rigunan. "Wadda duk kaka so ta tsufa, wani na gidanka shi sa ta, daga hantsi zuwa la'asar."

"Ba jini?"

"Ko ɗigo."

"Ba rai?"

Boka ya yi murmushi, bakinsa ba haƙori. "Ka ji na ce rai?"

Mamuda, ƙanen Zulkifilu, shi ya fara sawa, yana taƙama a tsakar gida, yara na faɗa masa ranka ya daɗe. Kafin la'asar zaren ya yi toka-toka, duwatsun suka dushe kamar sun ga kaka da kakanni. Dillali ya karɓa ya biya nan take. Arziki ya ɓarke: bene, motoci, kujerar Makka. Mamuda ya sa ta biyu, ya sa ta uku. Furfura ta fito masa, haƙora suka zube, baya ya tanƙware. Saurayin da ko aure bai yi ba, aka kai shi makwancinsa kamar ɗan tamanin.

Kada wani ya ce Zulkifilu bai gane ba. Ya gane. Ya yi kuka, ya rantse ya bari. Sai dillali ya kira: akwai mai neman guda ɗaya, mafi tsufa, ko nawa ne zai biya. Zulkifilu ya ce wa ransa, sau ɗaya ai ba ya kisa. Bai tuna cewa rigar da ake so ta fi tsufa ita za ta fi cin shekaru ba.

Raihanatu ta sa ta da murna, tana juyi a gabansa. "Baban Humaira, na yi kyau? Yau kam sai ka sake biyan sadaki!"

"Kin yi," ya ce, kansa a ƙasa.

Da azahar ta ce gwiwoyinta na ciwo. Da la'asar 'yarsu Humaira ta dawo daga Islamiyya, ta dubi tsohuwar da ke zaune kan tabarma, ta gaishe ta da ladabi, sannan ta ce, "Kaka, ina Innata?"

Ihun da Raihanatu ta yi har yau yana kunnena. Ta farfasa maduban gidan duka, ta daina fita, wani lokaci ta yi ta kiran Mamuda ya zo ya ci tuwo.

A ruɗanin wannan la'asar ɗin, Zulkifilu bai ma san sa'ad da yaron dillali ya ɗauke rigar ba. Ya ruga Kuberi. Boka ya ce, "Maido ta, a warware ta zare-zare, shekarun su koma." Amma rigar ta riga ta ƙetare teku, tana bayan gilashi a ɗakin wani wanda ba a san sunansa ba. Ya sayar da bene, ya sayar da motoci, ya bi Legas ya bi Kwatano. Ya dawo hannu wofi, ya tarar da ita tana jan numfashi.

Hankalinta ya dawo a ranar. Ta kama hannunsa da nata mai tamoji, ta ce, "Duk shekarun nan, ai da kai nis so in ci su."

Yanzu yana yawo a kasuwar Jega, yana riƙe rigar duk tsohuwar da ya gani, yana roƙonta ta tuɓe ta kafin la'asar.

Ya kai mai kwaɗayin dare ɗaya, ka ji tsoron Allah. Boka ba ya ba ka komai daga aljihunsa. Daga cikin gidanka yake ɗauka, kuma kai ne za ka miƙa masa da hannunka.