Littattafan da Zahiru Bai Karanta Ba

"Ka yi kuka wurin da likitan nan ya mutu?"

Ruƙayyatu ta yi tambayar ba tare da ta ɗago kai ba, tana ninke atamfa a butik, wato shagon mahaifinta, da ke bakin babbar kasuwar Malanville. Zahiru na tsaye jikin kanta da sabon littafi a hannu, rigarsa na ƙanshin albasar da yake sayarwa.

Ya gyara tsayuwa. "Ƙwarai kuwa... wurin ya taɓa ni."

Hannunta ya tsaya cak. Babu likita a littafin da ya kawo mata na baya, balle ya mutu. Labarin wani gari ne da kowace safiya mutane ke farkawa da tunanin maƙwabtansu a kai, har miji ya kasa rantsewa ko shi ne ya so matarsa ko wani ne.

"Ga wani na kawo miki, hasken idona," ya ce. "Wanga sai ya juya miki kai. In kin kai tsakiya, kada ki yarda da mai ba da labarin."

Ta karɓa, ta yi murmushin da bai kai zuci ba.

Da littafi ya shigo rayuwarta. Tun da ta dawo daga karatu a Parakou ba ta sami wanda za ta yi hirar irin waɗannan labarai da shi ba, na wasu duniyoyi da wasu zamunna, masu sa mutum ya ajiye littafi ya tsaya yana duban tafin hannunsa. Ƙawayenta dariya suke yi mata. Sai ga wannan ɗan kasuwar albasa mai sanyin magana ya gan ta tana karatu, mako na zagayowa ya ajiye mata wani tsohon littafin Faransanci a kan kanta. Da ta ce ba ta son labarin yaƙi da harbe-harbe, sai ya kawo mata masu shiru, masu shiga jiki a hankali. Ta ce a ranta, wanda ya san abin da take so haka, ya san ta.

Yanzu ga shi ranar Lahadi magabatansa za su zo wurin Baba.

Da ya tafi ta buɗe littafin. Ƙanshin humra ya bugi hancinta. Ta tuna na baya ma haka yake, ta ɗauka na kanti ne. A gefen wani shafi ta ga tabon lalle, daidai girman ɗan yatsa.

A gida ta tarar da Inna tana tsince shinkafa.

"Zamna, Ruƙayyatu. Yaron nan naki, mi yaka zuwa yi Guéné?"

"Guéné kuma, Inna?"

"Mata sunka hwaɗa mini a kasuwa. Kowace Alhamis shina bin hanyar da moto, da sabulu da man shafawa na mata. Shi da yac ce ba shi da uwa ba shi da uba. To wa yaka kai ma?"

"Ban sani ba..."

"To ki sani kahin Lahadi. Ni ban aurar da ɗiyata ga mutum mai ƙofa biyu."

A kwanakin da suka biyo baya, in Zahiru ya kira ta a waya, sai ta riƙa auna kowace kalma. Wannan tasa ce? Wannan fa, wa ya sa masa a baki? Har littafin ta kasa karantawa, don da ta buɗe sai ta ga yatsan wata mace yana bin layukan kafin nata.

Ranar Alhamis da hantsi ta ce wa Baba za ta gai da goggonta. Ta tsaya bayan wata babbar mota har ta ga Zahiru ya wuce da leda rataye a moto, wato babur ɗinsa, sannan ta tare ɗan kabu-kabu.

"Bi wancan, amma kada ka matse shi."

A Guéné Zahiru ya ratse wani lungu, ya jingine moto a ƙofar wani ƙaramin gidan ƙasa, ya shiga ba ko jiran izini. Ta sauka, ta laɓe jikin zaure.

Muryar mace ta ji, mai zaƙi, tana dariya.

"To, mi tac ce kan na ƙarshen?"

"Ta tambaye ni ko na yi kuka da likita ya mutu."

Dariyar matar ta tsaya.

"Zahiru... wane likita?"

Ruƙayyatu ba ta san lokacin da ƙafarta ta kai ta tsakar gidan ba. Sallamar ma a rabi ta tsaya.

A inuwar ɗaki wata mace ce zaune a kan katifa, an tokare bayanta da matasan kai. Za ta girmi Zahiru da shekaru masu dama. Hannuwanta sun sha lalle, ƙafafunta kuwa sirara ne, a miƙe ba motsi, kuma Zahiru na durƙushe yana shafa musu mai. Littattafai jibge a kwali gefenta. Idanunta irin nasa ne sak.

Kwalbar man ta suɓuce daga hannunsa.

"Ruƙayya..."

Matar ta dube ta tun daga sama har ƙasa, sannan ta yi murmushi. "Ke ce wadda ba ta son harbe-harbe. Shigo, ƙanwata. Ni ce Marka, yayar wanga maƙaryaci."

Ruƙayyatu ta zauna a bakin tabarma. Marka ce ta yi bayani, ba ɓoye-ɓoye. Malamar lakwal ce a da, wato makarantar boko. Hatsarin moto ya kwantar da ita, mijinta ya yi haƙurin da zai iya, ya sallame ta. Wata tsohuwar maƙwabciya ke kula da ita, Zahiru ke ɗauke da komai. Littattafan kuwa abokan aikinta na da ke aiko mata.

"Ranar da yag gane ki da littahi, nan ya zo shina rawar jiki. Yac ce, Yaya, ba ni wanda ya hi kowane. Ni ka zaɓa, in ba shi labarin, shi kai miki. Abin da duk kinka ce, shi maido mini. Na yi ta ce mishi shi hwaɗa miki gaskiya."

Ruƙayyatu ta juya gare shi. Idanunta sun kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ko guda ba ka karanta ba?"

"Na gwada, wallahi. Ban yi nisa a lakwal ba. Shafi guda sai in wuni kanshi."

"Wannan ba shi ne ciwona ba. Kac ce mini ba ka da kowa."

Ya sunkuyar da kai. "Na taɓa neman aure. Da sunka ji Yaya za ta zamna gidana, sunka maido mini kayana. Na ji tsoro, Ruƙayya... na ce bari sai an ɗaura."

"Sai an ɗaura in tarar da ita a matsayin mi? Kaya da anka ɓoye? Ita ma ka yi mata adalci ke nan?"

Marka ta kau da kai tana goge ido da gefen mayafi.

Can Ruƙayyatu ta ce, "Duk hirar da munka yi, ashe da Yaya nike yi. To kai wane ne? Hwaɗa mini abu guda da kai kanka kake so."

Ya ɗago a hankali. "Gaskiya?"

"Ita kaɗai."

"Labarun nan ciwon kai suke sa ni. Ni kokowa nike so, in kunna rediyo in ji ana kirari. Ina son in zamna bakin kogi da la'asar in ga masu jirgi suna dawowa. Kuma ina son yadda kike buga kanta da hannu in labari ya ba ki haushi. Don in ga wannan nike zuwa."

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kuka, ta yi saurin rufe baki.

"Ban yahe ba tukuna," ta ce. "Ka tahi wurin Baba kahin Lahadi, kai kaɗai, ka hwaɗa mishi duka da bakinka. In ka kasa, kada magabatanka su wahalar da kansu."

Ya je washegari bayan an sauko daga masallaci. Ruƙayyatu na bayan labule tana jin muryarsa, bai rage komai ba. Baba, Alhaji Na-Allah, ya ja carbinsa.

"Ƙaryar ba ta yi mini daɗi ba," ya ce. "Riƙon 'yar'uwarka kuwa ya yi mini. A ɗaga zuwan magabata sai bayan girbin shinkafa, in ƙara dubanka."

Inna ce ta ƙi sauka. "Amarci da jinya za ki soma? Ki ɗaga, ki kwantar, ki wanke? Ba don wannan na raine ki ba."

"Na gan ta da idona, Inna. Na san nauyin. Ni ce za ni ɗauka."

Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarta sai da ka. Ba ta taɓa cewa ta yarda ba. Sai dai da aka zo haɗa kayan ɗaki, Ruƙayyatu ta ga katifa biyu, ɗaya mai tauri irin wadda ake saya wa mai ciwon baya. Ta dubi Inna, Inna ta ci gaba da ɗaure kwanuka kamar ba ta gani ba.

Bayan girbi aka ɗaura auren. Da yamma motar amarya ta tsaya a ƙofar gidan da Zahiru ya kama a cikin gari. Danginsa ba su da yawa, mata suka shiga tambayar juna wa zai karɓi amarya, tunda ango ba shi da uwa.

Sai aka ga Zahiru ya fito daga ciki da babbar rigarsa, ɗauke da Marka a hannuwansa. Ya zaunar da ita a kujera daidai bakin ƙofa. Ta sha ado, goshinta na zufa don azabar zaman, amma ta ƙi a mayar da ita.

Ta miƙa hannu biyu. Ruƙayyatu ta durƙusa a gabanta cikin lulluɓi, ta kifa kai a cinyarta.

"Innarmu ba ta ga wannan rana ba," Marka ta ce. "Ni na karɓe ki a madadinta. Tashi ki shiga gidanki."