Shirun da Hajiya Ta Kasa Jurewa

"Faruƙ, ka faɗa mini yadda ta faɗa. Kar ka sa wa maganar sukari."

Umar Faruƙ ya ci gaba da juya cokali a kofin shayi. Muna zaune ne a wani gidan abincin Musulmi a unguwar Sanyuanli, cikin birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Haka yake, idan magana ta yi masa nauyi cokali ne ke shan wahala.

"Rafi'a, zuciyata, Hajiya fa ba ƙin ki take yi ba..."

"Me ta ce?"

"Ta ce... a danginmu ba a taɓa auren makaɗiya ba. In za ki bar kiɗan, ko gobe a ɗaura."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba.

Ina ƙarama Babana ya kawo mu Guangzhou, inda yake aika wa 'yan kasuwar Kano kwantena. Wata tsohuwa 'yar Sin a gidan da muke haya ita ce ta fara ɗora ni kan kujerar fiyano, ƙafafuna ko ƙasa ba sa kaiwa. Sa'o'ina suna yawo, ni ina ɗaki ina maimaita sauti ɗaya har yatsuna su yi tsami. Baba ya sha gori a bakin abokansa, amma bai taɓa cewa in bari ba. Yanzu tikiti ake saye a zo a saurare ni.

"Ina son ka, Allah ya sani," na ce. "Amma in na bari, wadda za ka aura ba ni ba ce."

"Ni na ce ki bari? Sai dai uwa ce, Rafi'a! Ba zan kai ki gidan da ba ta sa albarka ba." Ya ajiye cokalin. "Ta zo, tana garin Xintang nan kusa tana saron wanduna. Zan kawo ta wasanki na Lahadi, ta gani da idonta."

Ban ga laifinta sosai ba. A wurin Hajiya Maijidda, makaɗi shi ne mai bin gidan biki yana wasa masu kuɗi. Wani irin ba ta san shi ba.

Ranar Lahadi da la'asar, ina fitowa dandamali na hango ta. Ai ba ta ɓacewa! Kowa cikin baƙaƙen kaya, ita kuwa atamfa ruwan goro, ɗaurin kai ya tare wa na bayanta gani. Ta haɗe rai kamar ta zo karɓar gaisuwar mutuwa.

Kiɗan da na zaɓa kashi uku ne. A irin wannan zaure ba a tafi sai an gama duka. Tsakanin kashi da kashi shiru ake yi, ko tari mutum haɗiye shi yake. Faruƙ, gwanin lissafin kwali da kilo, ya manta bai gaya wa uwarsa ba.

Na kammala kashin farko, na ɗaga hannuwana. Zauren ya yi tsit. Wannan shirun na fi so a duk aikina, don a cikinsa nake gane ko mutane suna tare da ni.

Sai kawai aka rangaɗa guɗa!

"Ayyiririi! Ku tafa mata mana! Ku wane irin mutane ne?"

Kowa ya waiga. Wata ma'aikaciya ta nufo ta da sauri, Faruƙ yana jan mayafinta yana "Hajiya, don Allah..." Ni kuwa raina ne ya fara ɓaci, domin ana naɗar wasan. Amma da na mayar da yatsuna kan fiyanon sai ɓacin ran ya wuce. A duk zauren nan, mace ɗaya ce ta ji haushi a madadina. Kashi na biyu mai sanyi ne, kuma da hawaye na kaɗa shi.

Bayan an tashi Faruƙ ya shigo da ita ɗakin da nake hutawa. Na durƙusa na gaishe ta, amma faɗa take yi.

"Yarinya ta zage tana zuba gumi, a ce ko mutum ɗaya ba zai tafa ba? Don sun ga baƙuwa ce?"

"Hajiya, haka al'adar take," in ji Faruƙ. "Girmamawa ce. Ba ki ga yadda suka miƙe a ƙarshe ba?"

Ta rufe baki da gefen mayafi.

"Kenan ni ce na yi ƙauyanci? Innalillahi! Na ɓata miki aiki, 'yar nan?"

"Ba ki ɓata ba, Hajiya."

Ta zauna ta kamo hannuwana, tana duba gajerun faratana.

"Ba ki kira sunan kowa ba. Ba wanda ya taso ya liƙa miki. To wa kike yi wa?"

Na ce, "Duk wanda ya zo da wani abu a ransa, Hajiya."

"Uhm." Ta goge ido. "Wannan na tsakiyan... marigayi Alhaji na yi ta tunawa. Ban san dalili ba."

Ta daɗe riƙe da hannuwana, kamar mai taya kaya. Sannan ta juya ga ɗanta ba tare da ta kalle ni ba.

"Kai, tambaye ta, lalle yana hana yatsun nan aiki? In ba ya hanawa, a Kano za a sa mata, kuma ni zan kwaɓa da hannuna."

Ban jira Faruƙ ya buɗe baki ba. Kunya ma na manta da ita.

"Ba ya hanawa, Hajiya!"