Garin Rahila Ba Kwalli Ba Ne

Ran wata Talata cikin daminar 1998, Insifekta Sha'ibu na komisariyar Madawa ya isa labo, ɗakin gwaje-gwajen wani ƙaramin asibitin mishan, ya tarar an riga an yanke hukunci kafin ya zo. Abin da ya fi tsana ke nan.

Madam Rahila, masaniyar kimiyyar da ta dawo daga karatu a Faransa, ta miƙa masa kwalba. "Shekara ukku ina haɗa garina. Ƙwayoyin falatinom na, wani ƙarfe mai tsada, bisa bututayen gawayi da ido bai gani. Shi ka sa iskar da muka shaƙa ta ba da lantarki, don firijin allura. An ɗauke, an zuba mani baƙin gindin tukunya."

Mika, wanda ya shekara ashirin yana riƙe da labon kafin a ba ta rabinsa, ya nuna tsohuwa mai shara da leɓe. "Zaliha ta. Ta aza kwalli na."

Zaliha ko gezau. "Ni munka yi tsuhwa da tandu guda, Mika. Ku kai ni kaso in kun so, ba ni amsa sunan ɓarauniya!" Ta cillo tandun kwallin kan tebur.

Sha'ibu ya ji tsohuwar ta burge shi, amma burgewa ba shaida ba ce. In bai samo wani ba, yau a rufe za ta kwana.

"Madam, ƙaƙa aka gane naki da na tukunya?"

Rahila ta ɗauko ruwan oksijene na wanke ciwo. "Nawa, in wanga ya taɓa shi, tahwasa yaka yi."

Aka ɗiga a kan kwallin Zaliha. Shiru. Aka ɗiga a kan na kwalbar. Shiru.

Tun shigowarsa Sha'ibu yake lura da hannun Mika, wanda ya ƙi barin aljihun farar rigar aikinsa, inda wani baƙin tabo ya fito.

"Wanga baƙin hwa, na aljihunka?"

"Tawadar alƙalamin bik ta zube."

"To, bik bai tahwasa. Ɗaga hannu."

Da kansa ya tsiyaya ruwan. Aljihu ya hau kumfa yana cuwa kamar an jefa albasa cikin mai. Daga ciki Sha'ibu ya zaro ƙullin leda.

Mika bai ko sunkuyar da kai ba. "Ni na ɗauka! Shekara ashirin ina duban jini da fitilar kananzir, ba wanda ya ce sannu. Ɗiya ta zo da garin gawayi, an ba ta teburina!"

"Sai ka maƙala wa tsohuwa?"

Sha'ibu ya yafito ɗan sandan da suka zo tare.

Da ɗan sandan ya tisa ƙeyar Mika, Zaliha ta tare ƙofa. Ta buɗe tandunta, ta zizara kwalli a ido ɗaya, ta zizara a ɗayan, ba ta gaggawa, tana dubansa. Sai da ta gama tsaf, sannan ta ba su hanya.