Hagu da Hagu

A wani zamani an yi wani tsoho mai koya wa yara zuba ƙasan takalmi. Ana narka roba, a ɗura ta cikin rufaffen mazubi na ƙarfe ta wata 'yar kafa, in ta huce a buɗe.

Ran jarrabawa ya ba kowane ɗalibi mazubi biyu, ya ce, "Roba ludayi bibbiyu ce, babu ƙari. Wanda ya kawo hagu da dama ya ci." Ya fita.

Cikinsu akwai wata yarinya da ta shekara biyu tana shan zafin wuta. Ta zuba, ta jira. Ta buɗe na farko, hagu. Ta buɗe na biyu, hagu!

A bayan ƙofa kuwa akwai kwando cike da ƙasan takalman da tsoho ya zuba. Ta ga wannan ya zaro ɗaya, wancan ya zaro ɗaya. Wata ta raɗa mata, "Ke, yi sauri, ga shi nan tafe!" Ta dubi kwando, ta dubi ƙofa, ta tsaya inda take.

Tsoho ya shigo. Wannan ya miƙa hagu da dama, wancan ya miƙa hagu da dama. Ita ta miƙa nata.

"Baba, hagu da hagu na samu."

Tsoho ya zura hannu cikin jakarsa, ya zazzage mazuban dama duka a ƙasa.

"Tun safe suna nan, 'yata," in ji shi. "Ku kuma, da me kuka zuba naku?"