Farin Ɗankwalin Iya

Da Jannatu ta san abin da farin ɗankwalin nan zai tono mata a ƙasar mutane, da ta bar shi a akwatin marigayiya mahaifiyarta, inda ta same shi. Amma ba ta sani ba. Ta ninke shi ta cusa a jaka, ta fito zauren gidansu na Kibiya, inda mahaifinta da mijinta ke zaune kowa fuska a ɗaure.

"Biyetnam," Malam Alu ya sake faɗa, kamar mai tauna magani. "Mutane na zuwa Makka, suna zuwa Madina. Kai ka rasa inda za ka kai 'yar mutane hutu sai inda ban taɓa jin an je an dawo ba."

"Baba, ai ni na je na dawo," in ji Adnan, kansa a ƙasa. "Can nake tura ƙwallon kashun da nake saye. Abokin cinikina ne ya gayyace mu. Tun rasuwar Iya ba ta da walwala, na ce ko ta ɗan ga duniya..."

"Akwai masallaci?"

"Akwai, Baba."

"Me suke ci?"

"Shinkafa. Safe, rana, dare."

Malam Alu ya ɗan ɗago kai. Manomin shinkafa ne tun yana saurayi, har tambaya ta zo masa baki, sai ya tuna fushi yake yi.

"Ka dawo min da ita. Abin da na roƙe ka ke nan."

"In sha Allahu, Baba. Hutu ne kawai."

Malam Alu bai dubi Jannatu ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa. Amma ita ce ke hawo mota daga Rano kowane mako ta duba ko ya sha maganin hawan jininsa, don ƙannenta maza duk suna Kano, shi kuma ya ce shi da sake aure har abada.

Abin da ya fara ba Jannatu tsoro a birnin da suka sauka shi ne babura. Ta zaci ta san babura, ta ga 'yan acaɓa ranar kasuwar Rano. Ashe wasa ta gani. Nan titi ne cike taf, mata da maza, tsofaffi da 'yan mata, wata ta ɗauro kwandon agwagi, wani ya ɗauko bishiyar lemo sukutum a tukunya.

"Ta ina za mu tsallaka?"

"Ta cikinsu."

"Adnan, ka gaji da ni ne?"

Ya yi dariya ya kama hannunta. "Kada ki yi gudu, kada ki tsaya, kada ki ja da baya. Ki yi ta tafiya a hankali, su za su kauce miki."

Ta runtse ido ɗaya, tana karanto duk addu'ar da ta zo mata. Baburan suka dinga rabewa suna wuce su ta gaba ta baya. Da suka kai ɗaya gefen ta juya ta dubi titin, ta ce, "Mu sake."

Haka kwanakin suka yi ta tafiya. Ta zauna a kan 'yan kujerun roba na bakin titi, gajeru kamar na 'yan raino, gwiwar Adnan har tana taɓa haɓarsa. Ta zuba ido tana kallon kofi na ɗiga ɗis-ɗis daga wani ɗan gwangwani zuwa kan madara, ta ce mutanen nan a kan babur ne kawai suke sauri. A layin masallaci suka samu masu abincin halal, ta sha romon naman shanu da taliyar shinkafa da ganye mai ƙamshi, ta yi ta fama da 'yan sandunan cin abinci har mai shagon ta tausaya ta miƙo mata cokali.

Kullum da rana sai ta kira Kibiya.

"Baba, matan nan malafa suke sawa, mai tsini."

"Mata?"

"Wallahi. Kuma su ke dashen shinkafa, ruwa har gwiwa."

"Sau nawa suke girbi a shekara?"

"An ce wasu wuraren sau uku."

"Uku... Ki tambayo min wane iri suke shukawa." Sai ya yi gyaran murya. "Yaushe ne dawowar?"

Ana cikin haka Tuwan, abokin cinikin Adnan, ya ce sai sun je ƙauyensu sun gaida mahaifiyarsa. Jannatu ta ce gidan tsohuwa za a, ya kamata ta yi shiga ta mutunci. Ta saka leshinta, ta fito da farin ɗankwalin Iya ta ɗaura. Har yanzu yana ƙamshin akwatinta.

Mota ta kai su bakin kogi, jirgin ruwa ya tsallakar da su. Gidan na cikin bishiyoyin kwakwa da ayaba. Yara da manya suka fito da fara'a, amma suna ganin Jannatu sai murmushin ya fara dishewa. Tsohuwar, 'yar ƙarama mai farin gashi, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kan Jannatu. Ta yi wa ɗanta magana a hankali.

Tuwan ya sosa ƙeya, ya juya maganar da Turanci. "Mama na tambaya wa ya rasu. A wurinmu ba a ɗaura farin ƙyalle a ka sai an yi rashi."

"A'a, a'a," Adnan ya yi saurin cewa, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ba wanda ya rasu. Kwalliya ce kawai irin ta matanmu."

Jannatu ta juya ta dube shi. Da Hausa ta yi maganar.

"Ba wanda ya rasu?"

"Jannah, don Allah, zan yi miki bayani..."

Ba ta saurare shi ba. Ta dubi Tuwan ta ce, "Ka gaya mata ban san al'adarku ba, ta yi haƙuri. Amma mahaifiyata ta rasu, ko shekara ba a yi ba. Ɗankwalinta ne."

Tsohuwar ba ta jira fassara ta ƙare ba. Ta sauko ta kama hannun Jannatu da hannu biyu, ta ja ta ciki. A tsakiyar ɗakin akwai wani dogon tebur, da hoton wani dattijo, da ayaba da lemo a faranti, turaren tsinke na hayaƙi. Mijin tsohuwar ne, in ji Tuwan. Kowace shekara ranar da ya rasu, 'ya'yansa duk inda suke sai sun dawo gida an ci abinci tare.

Tsohuwar ta zaro tsinken turare ta miƙa mata, don mahaifiyarta. Jannatu ta rusuna, ta ɗora hannu a ƙirji.

"Ka ce mata na gode. Mu addu'a muke yi musu, ba ma kunnawa."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta mayar da tsinken ba tare da ta ɓata rai ba. Ta zaunar da ita a tabarma, ta zuba mata shayi da kanta, ta shiga jero tambayoyi. Shekarunta nawa? Mahaifinta na raye? Wa ke dafa masa abinci? Jannatu na amsawa, hawaye na zubo mata, ba ta ma damu ta share ba.

Sai tsohuwar ta yi wata tambaya da ta sa Tuwan ya dubi Adnan kafin ya fassara.

"Ta ce... to idan kuka zauna a nan shekara biyu, wa zai kula da shi?"

"Shekara biyu?"

Tuwan ya yi turus. "Aikin masana'antar fasa kashu. Har na sama muku gida kusa da masallaci. Na ɗauka gidan kika zo gani..."

Jannatu ta ajiye kofin a hankali.

Ta daure har aka ci abinci, kifi da shinkafa da Tuwan ya sa aka dafa musu a sabuwar tukunya. Sai da suka fito bakin kogi su biyu, rana ta yi sanyi, sannan ta buɗe baki.

"Hutu ne kawai. Haka ka ce wa Baba."

"Masoyiyata, ki saurare ni..."

"Na saurare ka a zaure. Na saurare ka ɗazu kana cewa ba wanda ya rasu. Iya ce ba kowa ba, Adnan?"

"Wallahi ba haka nake nufi ba. Na ce wa Tuwan ba abin da zai riƙe mu a gida. Su kuma mai zaman makoki ba ya fara sabon abu, ba ya ma yawan shiga gidajen mutane. Na ji tsoron su ce a ɗaga."

"Sai ka binne min uwa sau biyu."

Ya runtse ido kamar ta mare shi. "Na yi kuskure. Na so ki fara ganin garin, ki so shi, sannan in gaya miki. Kuma kin so shi, Jannah, na gani a fuskarki. Rabon da in ji dariyarki irin ta ranar baburan nan..."

"Na so shi! Abin da ya fi min ciwo ke nan. Ka sa na so shi da ƙarya."

"In na koyi injinan nan, a Rano zan kafa nawa. Mu daina tura musu ɗanye suna cin ribar. Don mu nake yi, da 'ya'yan da Allah zai ba mu."

"Baba fa?"

Wata mata ta wuce a ƙaramin kwalekwale, tana tuƙi da ƙafafunta, ta ɗaga musu hannu. Duk da abin da ke cin ranta sai da Jannatu ta bi ta da kallo har ta sha kwana.

"Zan tafi gida ranar da muka ce," ta ce. "Kuma kai za ka gaya wa Baba, da bakinka."

"Zan gaya masa, ruhina. Ki yafe min maganar Iya."

"Wannan sai a hankali."

Ranar da suka dawo, ko Rano ba su tsaya ba, Kibiya suka wuce. Malam Alu na zaure. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Jannatu ta shiga ciki ta ga murhu a sanyaye, ledar maganin na kan taga kusan yadda ta bar ta. Ta dawo ta tsaya a bayan ƙofa tana jin Adnan na zayyana komai, bai rage ba, har da abin da ya faɗa a gidan tsohuwar.

Malam Alu ya daɗe yana jan carbi.

"Tun ranar na san akwai magana," ya ce. "Mutum ba ya kai mata ƙarshen duniya don ta sha iska." Ya numfasa. "Neman halal ne. Ka ɗauki matarka ku tafi."

Jannatu ta fito. "Baba, ba zan tafi ba."

"Da ke nake magana?"

"Ba ka sha maganinka ba."

"Ban aurar da 'ya don ta dawo gadina ba. Ga Barira ƙanwata nan a Lausu, sai ta dinga leƙowa." Ya juya fuska wajen bango. "Ke dai ki bi mijinki. Ni me ya rage min?"

"Mu muka rage maka." Ta durƙusa a gabansa, abin da ba ta taɓa yi kusa haka ba. "Ya je ya fara. Ni sai ka girbe shinkafarka, na ga ka mayar da jikinka. Daga nan sai mu ga abin da Allah zai yi."

Malam Alu ya dubi surukinsa. "Ka yarda da wannan shirmen?"

Adnan ya share ido da bakin hularsa. "Na yarda, Baba. Ni na jawo."

Bayan sallah ƙarama ya tafi. A tashar Rano, direba na ta danna ham, fasinjoji na mita, shi kuma ya kasa shiga motar.

"Za ki zo, Jannah?"

"Ka gaida min tsohuwar. Ka ce mata na sa an yi wa Iya sauka."

"Ba ki amsa min ba."

"Ka dinga kira. Kada ka ci abin da ba ka san shi ba." Hawayen da take riƙewa suka ƙwace. "Na yafe maka, mijina. Shiga, suna jiranka."

Motar ta hau titin Kano. Jannatu ta tsaya har ta daina hango ta, sannan ta tsallaka inda motocin Kibiya ke lodi.

Shinkafar Malam Alu ta fara fitar da kai. Yana shan magani, wani lokacin har ya karɓi wayar ya tambayi surukinsa yadda suke busar da tasu idan ruwa ya hana. Kullum yana ce wa 'yarsa ta shirya, kullum tana cewa to. Ko za ta bi Adnan bayan girbi, ko shi ne zai haƙura ya dawo kafin lokacinsa, har yau ba wanda ya sani, ita ma ba ta sani ba.