Sandunan Ondoa

Da aka binne Ondoa, an yi mantuwa guda: ba a sa masa sandunan kiɗansa a akwatin gawa ba. Mahaifiyarsa ta dami matarsa Bilounga da maganar. Ta ce makaɗin da aka rufe hannu wofi ba ya kwanciya. Shi ya sa ran nan da almuru Bilounga ta ɗaura baƙin zanenta na takaba, ga ciki wata bakwai, ta hau tasi zuwa unguwar Mvog-Ada, inda yake kiɗa, don ta karɓo su.

Ɗan ƙaramin gidan wasa ne, teburi goma sha biyu. Shekara tara mijinta yana kaɗa balafon, jeren katakai da ake bugawa da sanduna, a nan. Kowace Asabar tana zama jikin ginshiƙi, ta ci gasasshen kifi da bobolo na rogo a kuɗin da ko mai wanki zai iya biya, ta sha waƙa da barkwanci. An gaya mata an rufe gidan tun rasuwarsa.

Sai ta tarar da ƙofa a buɗe, fitilu a kunne.

Ƙamshin kifi da barkono ya tare ta tun daga soro. Ko'ina cike da mutane. Wata tsohuwa mai rabon abinci, wadda ba ta taɓa gani ba, ta ja ta zuwa teburinta na da, ta dire mata faranti.

"Matar Ondoa, kin rame kamar tsinken tsire," in ji ta cikin raɗa. "Ci mana, 'yata. An riga an biya."

Bilounga ta ce mai takaba ba ta cin abinci a waje. Tsohuwar ta yi murmushi kawai.

Sai balafon ya tashi.

Ta san hannun. Cikin makaɗa dubu za ta gane shi. Yana can ƙarshen dandamali, ya ba mutane baya, da rigar da ta goge da hannunta aka binne shi da ita.

Mawaƙiya ta fara kiran sunaye. Dokar gidan ce: wanda aka waƙe sunansa ya tashi, ya taka rawa har gaban dandamali, ya yi liƙi. Ba a ƙin tashi. Duk wanda aka kira a daren sai ya je, amma Bilounga ba ta ga ko ɗaya ya komo kujerarsa ba.

Ta dubi na kusa da ita. Suna tafi, tafin ba ƙara. Suna tauna, kifin ba ya raguwa. Fitila na bisa kansu, inuwar Bilounga ce kaɗai a ƙasa.

"Bilounga, Bilounga ta Ondoa…"

Ta miƙe. Ba ta so, kuma tana so. Taku goma ne tsakaninta da mijinta. Fuskarsa kawai za ta gani, sau ɗaya.

Taku ɗaya. Biyu.

Ɗan cikinta, mai yawan shure-shure, ya yi tsit. Sanyi ya kama mararta.

Uku.

Sai kiɗan ya ɓaci. Ondoa, da bai taɓa kuskuren bugu ba, ya doki katakon da ba shi ba. Ya sake. Ya sake. Waƙar ta tsinke a bakin mawaƙiya. Dukan kawuna suka juya gare shi.

Bai waiwayo ba. Ya wurgo sandunan ta bayansa, suka gangaro har ƙafarta.

"Uwar ɗana," muryarsa can ƙasa, "ba da ku ba. Fita."

Ta sure su. Ta damƙe gicciyen wuyanta, tana kiran Allah, ta ruga. Hannun tsohuwar ya cafki zanenta, ya yage. Ta faɗo titi a kan gwiwoyinta.

Da ta juya, ƙofar na garƙame da kwaɗo mai tsatsa. Ba fitila. Ba ƙamshi.

Sai da ta isa gida ɗan ya motsa.

Washegari ta tona gefen kabarin, ta sa sandunan. Bayan wata biyu ta haifi namiji lafiyayye, kowa na cewa ubansa sak. Takaba ta ƙare, amma Bilounga ba ta ƙara taka rawa ba. Wani lokaci in yaron ya yi barci, takan tallafi fuskarsa ta daɗe tana kallo. Ita ce fuskar da aka hana ta gani.