Gyaran Minti Goma a Mako Biyar

Ranar Alhamis, tara ga Mayun 2024, da hantsi, Fa'izu mai gyaran kwamfuta ya sauka daga babur a ƙofar gidan Malam Nasidi da ke Bakura. Wadda ta amsa sallamarsa ita ce Rumaisa, autar gidan. Ya taso daga shagonsa na Talata Mafara da tambayoyin aiki a shirye, amma da ta ɗago ido ta yi masa barka da hanya, sai ya gaishe ta sau uku bai sani ba.

Malam Nasidi tsohon hedimasta ne. Shekara goma sha ɗaya yana rubuta tarihin garuruwan da ke kewaye da madatsar Bakalori, Rumaisa na buga masa a wata tsohuwar kwamfutar tebur. Littafi ya kammala, shafi ɗari huɗu da sha biyu, sai ya ƙi fita daga kwamfutar. Duk kafar USB da aka soka wa filas, shiru. Kibod da linzami kaɗai ke aiki, domin masu zagayayyen kai ne irin na da.

Fa'izu ya gwada filas uku. Ya duba saitin BIOS ya ga ba a rufe kafafen ba. Ya kwance murfi, nan take ya ga wayar kafafen gaba biyu ta zame daga modabod, wato babban allon da komai ke haɗe da shi. Ya haska baya da tocila, ya tarar zanzaro ya cike kafafe huɗun da laka, ya yi ginin da ko magini zai yaba.

Aikin minti goma ne. Daidai nan Rumaisa ta ajiye masa fura.

Ya mayar da murfi, ya shaida wa Malam cewa cutar mai zurfi ce, sai an bi ta a hankali.

Haka ya riƙa zuwa duk Alhamis. Wani makon ya ce manhajojin da ake kira direbobi zai sabunta, wani makon ya auna wuta. A mako na uku saƙonnin waya suka fara tafiya tsakaninsa da Rumaisa.

"Injiniya, ya jikin marar lafiyarmu? Ko dai likitan ne ke buƙatar magani?"

"Gimbiyar Bakura, likitan ya fi jin jiki. Ranar Alhamis kaɗai yake samun sauƙi."

A mako na biyar kawun Fa'izu ya zo neman izinin neman auren Rumaisa a madadinsa. Malam Nasidi ya karɓe shi da mutunci, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ya ce ba shi da ƙorafi kan asalin yaron ko addininsa. Sai dai mutumin da ramuka shida suka gagara mako biyar, bai ga yadda zai riƙe gida ba.

Ga kuma Surajo, dillalin kwamfutoci daga Maradun, wanda ya daɗe yana son Rumaisa. Ya leƙa injin daga nesa ya yanke hukunci cewa modabod ta ƙone. Ya yi alkawarin kawo sabuwar laftof ranar Asabar, ya ɗauke tsohuwar ya kai Gusau.

Da yamma saƙon Rumaisa ya shigo: "Fa'izu, in ba ka iya ba, ka faɗa mini gaskiya. Ba zan raina ka ba. Amma Baba ya fara yabon Surajo."

Fa'izu ya zauna a shago ya rasa abin da ke masa daɗi. In ya yi shiru, ya tabbata wanda bai iya aiki ba. In ya gyara a minti goma, ya tabbata maƙaryaci, a gaban mutumin da ya taɓa mayar da katin ɗaurin aure saboda an kuskure kwanan wata.

Ranar Asabar, takwas ga Yuni, ya riga Surajo isa. Ya durƙusa ya roƙi Malam ya duba agogo. Ya cire wuta, ya mayar da wayar gaba mazauninta, ya sa tsinken sakace ya kakkaɓe lakar, ya hure. Ya kunna, ya soka filas, sai ga 'yar fitilarsa tana ƙiftawa.

"Minti tara," in ji Malam.

Fa'izu ya ce, "Baba, tun ranar farko na ga matsalar. Na ɓoye ne don in sami dalilin dawowa. Na yi kuskure, a gafarce ni."

Malam Nasidi ya jawo littafin da yake rubuta al'amuran yau da kullum, ya gyara tabarau, ya karanta: tara ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata, mai gyara ya haska bayan inji, ya yi murmushi, ya dubi ƙofa, ya rufe.

"Shekara talatin da biyar na yi a aji, yaro. Na san ɗalibin da ya san amsa ya ƙi ɗaga hannu. Jira nake in ga ranar da za ka ɗaga."

Daga bayan labule Rumaisa ta ce a hankali, ita ma ta ga zanzaron yana kai laka tun watan Afrilu. Malam ya tambaye ta mi ya hana ta faɗi. Sai labulen ya motsa, aka ji takunta ya yi cikin gida da sauri.

Surajo ya iso da azahar da laftof a kwali, ya tarar littafi ya riga ya fita. Ya sha fura, ya yi fatan alheri, ya koma Maradun da kayansa.

An ɗaura aure ranar Asabar, bakwai ga Satumba, a masallacin unguwarsu. Daga kafar gaba ta hagu aka kwafi katin gayyata, bayan Malam ya duba kwanan watan sau huɗu. Da zai sallami 'yarsa ya dafa kanta ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, Ya sa duk abin da ya lalace tsakaninsu su gyara shi a ranar da suka gan shi.

Fa'izu ya amsa da amin, kansa a ƙasa. Kafin ya bar gidan kuwa, sai da ya liƙe kafafen baya huɗu da salatif.